Yadda anka koyi gani da kunne a ƙarƙashin teku

Kowa daga cikinmu ya san rijiya. In kana son ka san zurfinta, sai ka zura igiya, ka jawo, ka auna da gaba. In ka leƙa ciki ka yi kira, muryarka takan komo maka. Wannan muryar da ke komowa ita ce amsa-kuwwa. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, igiya da amsa-kuwwa, don bisa su tarihinmu na yau zai tafi. Labarin Turai ne da Amurka, kuma labarin teku ne, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa gani ba. Amma ku bi ni a hankali, ƙarshensa yana cikin ɗakin awon ciki na asibiti.

Teku duhu gare shi. Hasken rana ba ya wuce kamar metir 200 da wani ƙarfi, daga nan sai dare na har abada. Matuƙin jirgi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, ko dutse ne, ko rairayi, ko rami. Shekaru aru-aru ba shi da wata dabara sai irin tamu ta bakin rijiya: igiya da dalma ɗaure a bakinta. Har awon ma da gaba sukan yi shi. A 1872 wani jirgin bincike na Ingila mai suna Challenger ya fita zagaya duniya, bai komo ba sai 1876. A 1875, cikin tekun Pasifik, ma'aikatansa sunka zura igiya har gaba 4,475 kafin dalma ta taɓa ƙasa, wato metir 8,184. Ku tuna rijiyar da ta kai gaba 40 mukan ce ta yi nisa ƙwarai. Awo guda irin wannan yakan ci sa'o'i, jirgi na tsaye, injin yana naɗe igiya. Cikin tafiyar nan duka ba su kai ga awo 500 na zurfi ba.

Gudun ƙara cikin ruwa

In mutum yana faskare daga nesa, kakan ga gatari ya sauka kafin ka ji ƙararsa. Haka walƙiya take riga tsawa. Dalili shi ne ƙara tafiya take yi, kuma ba ta kai haske sauri ba. Cikin iska tana cin kamar metir 340 a sakan guda. Kun san sakan 60 ke minti ɗaya.

To, cikin ruwa fa? A 1826 wasu samari biyu ƴan ƙasar Suwis, Daniel Colladon da Charles Sturm, sunka yi niyyar aunawa a tafkin Jeneba. Sunka aje jirage biyu, tsakaninsu kamar kilometir 13 da rabi. A jirgi na farko anka rataya ƙararrawa cikin ruwa. Anka shirya yadda sandar da za ta buga ta, ita ce kuma za ta kunna albarushi a bisa jirgi, duk a lokaci guda. Colladon yana can jirgi na biyu cikin dare, da agogo a hannu, da wani dogon ƙaho na ƙarfe wanda ya tsoma bakinsa cikin ruwa, ya kafa kunne a ɗaya gefen. Da ya hangi wutar albarushi sai ya fara ƙidaya. Bayan sakan 9 da ƴan kai, ƙarar ƙararrawa ta iso masa ta cikin ruwa. Da sunka yi lissafi, sai sunka samu metir 1,435 a sakan. Wato ƙara ta fi gudu cikin ruwa sau huɗu bisa cikin iska. A ruwan teku mai gishiri takan kai wajen metir 1,500.

Ga wani ɗan lissafi, ku gwada shi bisa allo. Jirgi ya aika ƙara ƙasa, ta bugi gindin teku, ta komo bayan sakan 2. Tafiyar duka ta zama metir 3,000. Amma zuwa da komowa ne, saboda haka sai a raba biyu. Zurfin wurin metir 1,500 ke nan. Duk na'urorin da za mu yi magana bisa su, wannan lissafin suke yi, ba wani ba. Lissafin mai sauƙi ne. Abin da ya gagara kusan shekara 90 shi ne samun bakin da zai yi kiran da ƙarfi cikin ruwa, da kunnen da zai ji amsar in ta komo a raunane.

Dutsen da ba a san amfaninsa ba

A 1880, a birnin Paris, wa da ƙane, Jacques Curie da Pierre Curie, suna bincike bisa duwatsu. Pierre, ƙanen, shekararsa 21 kawai. Cikin duwatsun akwai wani fari mai ƙyalli kamar gilashi, ana ce masa kwarts. Ba baƙonmu ba ne, don yawancin rairayin da muke takawa garinsa ne. Sunka gano in anka yanka shi ta wata fuska, anka matsa shi, yakan fid da ƴar wutar lantarki. A shekarar da ta biyo, 1881, wani masani mai suna Gabriel Lippmann ya nuna da lissafi cewa abin zai yiwu ta baya ma, su kuma sunka gwada sunka tabbatar: in ka ba dutsen lantarki, yakan ɗan kumbura ko ya ɗan tsuke. Motsin ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa.

Ku lura da wannan wurin da kyau, don shi ne cibiyar labarin. Mene ne ƙara? Ka buga ganga, ka ɗora yatsa bisa fatar, za ka ji tana rawa. Rawar fatar ce ke tura iska, iska ta tura kunnenka. To, in kana ba dutsen nan lantarki kana janyewa da sauri-sauri, zai riƙa kumbura yana tsukewa kamar fatar ganga. Ya zama baki. In kuma ƙara ta zo ta buge shi, ta matsa shi, zai fid da lantarki wanda za a iya aunawa. Ya zama kunne. Dutse guda, aiki biyu.

Amma a 1880 babu wanda ya yi tunanin teku. Ƴan uwan nan sunka yi wani ma'auni da shi don aikin ɗakin bincike, sauran duniya ta wuce abinta. Pierre Curie ya rasu a 1906, amalanken dawaki ya take shi a wani titin Paris. Ya bar almajirai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paul Langevin, a faɗi Lanjaban, ɗan talakawan Paris da anka haifa a 1872.

Daren Titanik

A watan Afrilu na 1912 wani jirgi mai suna Titanik ya tashi daga Ingila za shi Amurka. A zamaninsa babu jirgin da ya kai shi girma, kuma tafiyarsa ta farko ke nan. A tekun arewa akwai tsaunukan ƙanƙara masu yawo bisa ruwa. Abin da ido ke gani na tsaunin kaɗan ne, mafi yawansa yana nutse. Daren 14 ga wata, masu tsaro sunka hangi tsauni gabansu, amma lokaci ya ƙure. Ƙanƙara ta tsaga gefen jirgi. Kafin sa'a 3 ya nutse. Cikin mutum kamar 2,200, wajen 1,500 sunka mutu.

Labarin ya girgiza duniya, masu dabara sunka tashi tsaye. Cikin wannan shekarar wani Ba'ingile, Lewis Richardson, ya rubuta yadda za a gano ƙanƙara da amsa-kuwwa, sai dai bai ƙera komi ba. Wanda ya fara ƙerawa har ta yi aiki shi ne Reginald Fessenden, mutumin Kanada mai aiki a Boston ta Amurka. Na'urarsa wani babban faifai ne na ƙarfe wanda lantarki ke kaɗawa sau 540 a sakan. A watan Afrilu na 1914, daga bisa wani jirgi mai suna Miami, ya yi kira cikin ruwa, tsaunin ƙanƙara ya amsa masa daga nisan kamar kilometir 3. Ya ji amsar gindin teku ma.

Aiki ya yi kyau, amma da saura. Ƙarar Fessenden kakkaura ce, irin ta babbar ganga. Kakkaurar ƙara watsuwa take yi ko'ina, kamar hasken fitilar aci-balbal. Za ka san akwai abu kusa, amma gabas yake ko yamma, wannan da wuya ka sani. Abin da ake bukata shi ne ƙara mai tafiya hanya guda kamar hasken tocila. Sai siririyar ƙara ke iya haka. Gwargwadon yawan kaɗawa a sakan, gwargwadon sirantar ƙara. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa kamar 20,000 a sakan. In ta wuce nan, ƙarar tana nan, amma mu ba mu jin komi.

Akwai wanda ya riga kowa sanin wannan, shi ne jemage. Tun wajen 1794 wani malami ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya ga jemage makaho yana tashi cikin ɗaki ba ya karo da komi. Wani likitan Jeneba, Louis Jurine, ya toshe kunnuwan jemagu da kaki, sai ga su suna bugun bango. Manyan masana na lokacin ba su yarda ba. Sai a 1938 wani ɗalibi a Amurka, Donald Griffin, ya kai jemagu gaban na'ura mai jin siririyar ƙara, anka tarar ashe kuwwa suke yi ba fasawa, suna sauraren amsa.

Yaƙi

A watan Agusta na 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya game Turai. Jamus tana da jirage masu nutso, waɗanda ke tafiya ƙarƙashin ruwa, su harbi jirgi ba a gan su ba. Ran 7 ga Mayu 1915 sunka nutsar da Lusitania, jirgin fasinja, mutum kusan 1,200 sunka halaka. Ingila tsibiri ce, a lokacin yawancin hatsinta ta ruwa yake zuwa. Faransa ma ta ruwa take kawo kaya da mutane, har da sojojin da ta ɗiba daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Cikin watan Afrilu na 1917 kaɗai, jiragen da anka nutsar nauyinsu ya wuce tan 800,000. Yunwa ta fara leƙo Ingila.

A 1915 wani injiniya ɗan Rasha mai zaune a Suwis, Constantin Chilowsky, ya aika wa gwamnatin Faransa da shawara: a nemi jiragen nan da siririyar ƙara wadda kunne ba ya ji. Anka miƙa takardar ga Langevin, ya duba, ya ce a gwada. Sunka fara a kogin Sen cikin Paris, daga baya aikin ya koma Tulon, tashar jiragen yaƙi a bakin tekun Bahar Rum. Na'urorinsu na farko suna cin wuta da yawa, amsar da suke samu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Mutanen biyu ba su jitu ba, a 1916 sunka rabu.

A 1917 Langevin ya tuna da dutsen malaminsa. Da farko ya sa shi ya zama kunne. Lantarkin da dutsen ke fitarwa kaɗan ne, amma a lokacin sojan Faransa sun sami wasu ƙwayaye irin na akwatin rediyo, masu ƙara wa ƙaramar wuta ƙarfi. Da anka haɗa su da dutsen, sai kunne ya buɗe. Daga nan ya sa shi ya zama baki kuma. Sai wata matsala ta taso: samun babban kwarts mai tsabta yana da wuya, ga tsada. Dabarar da ya yi ita ce ta fi burge ni cikin labarin nan duka. Ya yanyanka ƙananan duwatsu falle-falle, ya jera su kusa da juna, ya manne su tsakanin faifan ƙarfe biyu masu kauri. Dutse da ƙarfe sunka zama jiki guda, suna kaɗawa tare wajen sau 40,000 a sakan. Da dutse kaɗan ya sami baki mai faɗi.

Ƙarfin abin ya ba mutane tsoro. Wani masani Ba'amurke, Robert Wood, ya ziyarci Tulon, ya ga ƙananan kifaye suna mutuwa in sun ratsa ta gaban na'urar. Wanda ya tsoma hannu cikin ruwan kuwa yakan ji zafi mai tsanani. Duk da haka babu ƙarar da kunne ke ji. A 1918 Langevin ya sami amsa-kuwwa daga jikin jirgi mai nutso, daga nisan da ya kai metir 1,500. Ku koma ga lissafinmu na ɗazu: sakan 2 ke nan tsakanin kira da amsa. Kuma wannan karon an san ta wace fuska jirgin yake.

Wasu littattafai Langevin kaɗai suke ambata. A ganina wannan bai cika adalci ba. Chilowsky ne ya kawo shawarar farko. Wani mutumin Kanada kuma, Robert Boyle, ya ga aikin Faransawa, ya koma Ingila ya ƙera wa sojan ruwanta irin tasu, ita ma ta yi aiki a 1918. Kada kuma ku ɗauka na'urar ce ta ci yaƙin. An daina faɗa ran 11 ga Nuwamba 1918, ba ta kai ga nutsar da jirgi ko guda ba. Abin da ya ceci Ingila tsohuwar dabara ce da fatake sunka sani: ayari. Daga 1917 anka hana jiragen kaya tafiya ɗaya-ɗaya, anka riƙa tara su da yawa, jiragen yaƙi na rakiya. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, na'urar ta shiga faɗa sosai. A lokacin ne Amurkawa sunka raɗa mata sunan da anka fi saninta da shi, sona.

Shi Langevin bai ƙare rayuwarsa cikin hutu ba. Ya yi magana a fili bisa muguntar mulkin Hitila. Da Jamusawa sunka ci Faransa a 1940, sunka kama shi, sunka tsare shi a garin Troyes. Sunka harbe mijin ɗiyarsa a 1942, ita kuma sunka kai ta sansanin Auschwitz, amma ta fito da rai. Shi ya gudu Suwis a 1944. Aikinsa na ƙarshe shi ne shugabantar wani kwamiti na gyaran makarantun Faransa, don ɗan talaka ya sami karatu daidai da ɗan mai kuɗi. Ya rasu a watan Disamba na 1946.

Daga teku zuwa asibiti

Da zaman lafiya ya samu, masu awon teku sunka aje igiya. Daga 1925 zuwa 1927 wani jirgin Jamus mai suna Meteor ya yi ta kai da komo a tekun Atlantika, tsakanin Afirka da Amurka ta Kudu, yana awo da amsa-kuwwa. Ya yi awo kamar 67,000. Ku gwada da na Challenger da bai kai 500 ba. Nan anka ga gindin teku ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne, akwai dogon jerin tsaunuka da kwaruruka a tsakiyarsa. A 1935 wani ɗan ƙasar Norwe, Oscar Sund, ya nuna garken kifi ma yana mayar da amsa. Yau manyan jiragen su da wannan suke farauta, kuma yana cikin abin da ya sa kifi ya ragu a tekuna da yawa, don ba shi da sauran wurin ɓuya.

Maƙeran masana'antu su ma sunka ɗauka. In ka aika siririyar ƙara cikin ƙarfe, in akwai tsaga a ciki, amsa takan komo tun daga wurin tsagar. Wannan na'urar ta duba ƙarfe ita ce wani likitan mata ya je nema. Sunansa Ian Donald, yana koyarwa a Gilasgo, arewacin Birtaniya, garin maƙeran jiragen ruwa. Ya yi aikin soja a yaƙi na biyu, ya san labarin sona. A watan Yuli na 1955 ya ɗauko ƙari iri-iri da anka fid da daga cikin mata wajen aiki, ya zuba a bayan mota, ya kai wata masana'anta mai ƙera tukwanen tururi. Anka ɗora musu na'urar. Sai ga shi ƙari mai ruwa amsarsa dabam, ƙari mai tauri tasa dabam.

Abokan aikinsa likitoci da fari dariya sunka yi masa. Sai anka kawo wata mata, cikinta ya kumbura, tana ta amai, ta rame. An yanke cewa ciwon daji ne na tumbi wanda ba ya aikatuwa, an fid da rai gare ta. Donald da mataimakinsa John MacVicar sunka ɗora mata na'ura, amsar ta nuna wata babbar jaka ce mai ruwa. Anka yi mata aiki, anka fid da jakar, matar ta warke ta koma gida. Wani saurayin injiniya, Tom Brown, ya ƙera musu na'ura wadda ke haɗa amsoshin su zama hoto. A 1958 su uku sunka buga sakamakon aikinsu a mujallar likitoci mai suna The Lancet, har da hoton ɗa cikin uwarsa.

Ita ce ake kira eko, ko ekogarafi, a asibitocinmu. Abin nan da ma'aikaciya ke gogawa bisa cikin mace, shi ne baki, shi ne kunne. Yanzu ba kwarts ke ciki ba, wani haɗi ne da ake gasawa kamar tukunya, amma halinsa guda da dutsen ƴan uwan Curie. Yana kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5 a sakan, da ƙarfi kaɗan ƙwarai, nesa da wanda ya kashe kifi a Tulon. Ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, shi ya sa ake yi wa mai ciki. Man nan mai sanyi da ake shafawa kuwa don a kore iska ne, saboda siririyar ƙara ba ta ratsa iska ta shiga jiki. Su Donald man zaitun sunka riƙa shafawa.

Da ita ake sanin watannin ciki, a ga ko tagwaye ne, ko ɗa ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya. Macen da anka gano mata haka za ta iya matsawa kusa da babban asibiti tun naƙuda ba ta fara ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa kowace mai ciki wannan awon sau ɗaya kafin mako 24, wato kamar wata 5 da rabi. Gudun ƙara cikin jikin mutum kusan ɗaya yake da na ruwan teku. In kan jaririn yana santimetir 7 da rabi ƙarƙashin fata, zuwa da komowa santimetir 15 ne, kuma amsar takan iso cikin kashi ɗaya daga 10,000 na sakan.